Dan Allah masu CorelDraw a taimaka min da fosta ta

Salam yan uwa, fosta nake hadawa ta project dina girman A1, bayanan zazzabin cizon sauro ne na kananan hukumomi 44 na Kano. Na zuba su a pie chart a Excel abin ya zama kwamacala, kala 44 wa zai iya bambance su, na koma bar chart kuma sunaye irin su Dawakin Tofa da Tudun Wada suna hawa kan juna. Supervisor dina yace in sa taswira, to ban iya ba wallahi. Sannan in na kwafo chart din zuwa CorelDraw na kara girma sai rubutun ya dusashe. In ware guda goma da suka fi yawa ne kawai, ko ya ake yi?