'Ya'yan kokwambata na zubewa tun suna ƙanana

Assalamu alaikum, 'yan uwa manoma. Don Allah ku taimaka min da shawara.

Na shuka ƙaramar kokwamba, ingantaccen iri mai saurin yi, a ɗan lambuna na bayan gida a Daura. Ta yi yaɗo sosai, ta haye sandunan da na kafa mata, fure kuma ba a magana. Amma da ɗa ya kai tsawon ɗan yatsa sai ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi. 'Yan waɗanda suka tsira kuwa ɗaci ne da su.

Safe da yamma nake ban ruwa, na kuma sa takin awaki. Zafin Afrilu ne ke jawo haka, ko rashin ƙudan zuma? Abin ya dame ni ƙwarai, domin irin ba arha na saye shi ba.