Me ya haɗa ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka da kare muhalli?

Ɗan_Tambaya:
Salam jama'a, 'yar tambaya gare ni ga waɗanda suka san Amurka. Jiya ina karatu a kan VA, ma'aikatar nan da ke kula da tsofaffin sojojinsu, sai na ga wai har da shirin rage shan wuta da ruwa suke da shi, ana ta kafa sola a kan asibitoci, ana zancen motoci masu caji. Ni dai abin ya ɗaure min kai wallahi. Mutumin da ya dawo daga yaƙi ba ƙafa magani yake so da haƙƙinsa, ina ruwansa da hayaƙi? Ba kuɗin maganin ake gutsira ana wannan kwalliyar ba?

Anti_Nas:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka fara duba girman abin tukuna. Manyan asibitocinsu sun kai wajen 170, ƙananan sun haura 1,000, mutum kusan miliyan 9 ne suka yi rajista da su. Shi kuwa asibiti ba ya barci, ni da nake aikin dare na sani, ɗakin tiyata dole a yi ta sauya masa iska ko ba kowa a ciki, ga firjin jini da na allurai, ga injin wanki, ga tukunyar dafa kayan aiki, haka ake kwana ake wuni. To ka lissafa kuɗin wutan nan sau 170.

Maganar gutsirar kuɗin magani kuma, a kasafinsu aljihun jinya daban, na gine-gine daban. Sannan da yawa daga ayyukan nan ma ba gwamnati ke fara zuba kuɗin ba, kamfani ne zai zo ya canza ƙwayayen fitila da tsofaffin injinan sanyaya gini da kuɗinsa, sai a dinga biyansa daga rarar da aka samu a bil ɗin wuta, doka ta yarda yarjejeniyar ta kai har shekara 25.

Akwai ma wanda ba ya cin ko sisi. Wani gas ɗin sa barci da ake kira desflurane, illarsa wajen ɗumama duniya ta ninka ta hayaƙin kabon kusan sau 2,500, ga tsada, kuma akwai madadinsa. Likita ya bar shi ya ɗauki wani, mara lafiya bai ma san an yi ba.

Injiniya_K:
Anti ta gama magana, ni dai zan ƙara ɓangaren da ya fi damuna. A 2005 guguwar Katrina ta cinye asibitinsu na New Orleans, sai 2016 aka buɗe sabo, shekara 11 kenan fa. Da suka tashi gina shi sai suka juya shi, injinan wuta da sauran abin da ran asibiti ya rataya a kai duk aka hau da su sama, sashen gaggawa ma a bene yake, gangaren da motar asibiti ke hawa an yi shi yadda in ruwa ya cika gari kwalekwale zai iya tsayawa a jiki, kuma an tsara ginin ya yi kwana 5 ba tare da wuta ko ruwan gari ba. A 2012 guguwar Sandy ta shigar wa na Manhattan ruwa ta ƙasa, ya yi watanni a rufe, bayan nan aka zagaye shi da katangar tare ambaliya.

Amma fa kar mu yi ta yabo kamar 'yan amshin shata. A St. Cloud da ke jihar Minnesota sun kafa fankar nan mai samar da wuta da iska a 2011, dala miliyan 2.3, ba ta yi wani aikin kirki ba ta tsaya cak, ta yi shekaru a tsaye mutane na wucewa suna kallo, a 2019 aka sauke ta. Don haka tambayarka ba banza ba ce Malam, in an yi gaggawar kashe kuɗi don a ce an yi, haka ake ƙarewa.

Baba_Tsoho:
Yara kun manta maƙabartu. VA ɗin nan ke riƙe da fiye da 150 a faɗin ƙasar, shahararriyar maƙabartar Arlington dai ba tasu ba ce, ta rundunar sojan ƙasa ce. Ba'amurke yana son ya ga kabarin nasa a cikin koriyar ciyawa, to a hamada da wane ruwan? A Fort Bliss da ke El Paso an cire ciyawar wajen 2007 aka shimfiɗa tsakuwa da tsirrai masu jure ƙishi, iyalai suka yi ca, wai an mayar da kaburburan iyayensu kamar filin ajiye kaya. Ni kam ban ga laifin kowa ba a nan, mai lissafin ruwa da gaskiyarsa, wadda ke zuwa ziyarar mijinta ma da tata.

Wanda ya ba ni dariya shi ne a 2024 sun ware wuri a maƙabartu 3, a Arizona da Colorado da Florida, inda za a binne mutum ba a ɗura masa maganin hana ruɓewa ba, ba rumbun kankare, a likkafani ko akwatin da ƙasa za ta ci. Suka sa masa sabon suna. Na ce ikon Allah, ashe mu Musulmi mun daɗe muna kare muhalli ba mu sani ba.

Ɗan_Tambaya:
Hahaha Baba ka kashe ni. Na gode ƙwarai. Amma har yanzu shi sojan kansa fa, ya damu da wannan?

Anti_Nas:
Wasu ko a jikinsu, gaskiya. Amma ka tambayi wanda ya zauna a Iraƙi ko Afganistan kusa da ramukan da ake zuba shara, roba, batir, taya, a watsa man jirgi a cinna wuta dare da rana. Da yawa sun dawo da ciwon huhu da cutar kansa, sai Agusta 2022 aka sa hannu a dokar PACT da ta sauƙaƙa musu samun jinya da diyya. Kafin waɗannan ma akwai na yaƙin Biyetnam da gubar kashe bishiyoyi ta shafa, ga waɗanda suka sha gurɓataccen ruwa a sansanin soja na Lejeune da ke cikin Amurka daga 1953 zuwa 1987. Duk a layin asibitocin nan suke.

Injiniya_K:
Ka dai duba shekarar abin da ka karanta. Umarnin Biden na Disamba 2021 ne ya ce ma'aikatun tarayya su koma wuta mara hayaƙi zuwa 2030, Trump kuma ya soke shi ranar da ya dawo, 20 ga Janairu 2025. In takardar kafin nan ce, kar ka ɗauki alƙawuran cikinta a matsayin abin da ake yi yanzu. Turo min ita ta inbos in duba.