Magena marar gashi da hunturun Kaduna, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum jama'a. Masu kiwon mage, don Allah ku agaza mini, abin ya fi ƙarfina.

Wata huɗu ke nan da yayana ya bar mini magensa da zai koma karatu. Irin Sphynx ce, marar gashi, wadda asalinta ya faro a Toronto ta Kanada a 1966. Har yau wasu maƙwabtanmu a Unguwar Rimi cewa suke ƙazuwa ce ta cinye ta.

Da yake ba gashin da zai shanye maiƙon jikinta, a fata yake taruwa, shi ya sa nake mata wanka duk mako. Da damina lafiya lau. Amma tun da hunturu ya kankama, wuyanta da gadon bayanta suka yi kaushi suna saɓa, alhali haɓarta da hammatarta na nan da maiƙo, har da baƙaƙen ƙuraje. In na yi mata wanka, fatar ta ƙara bushewa, ta yini tana karkarwa. In na ƙyale ta, sai zanin gado ya yi shatin ruwan ƙasa.

Na shafa mata man kaɗe, ta lashe shi tas, ta yi amai. Likitan dabbobin da na je wurinsa ya ce bai taɓa duba irinta ba.

To kwana nawa ya dace a bari tsakanin wanka a wannan sanyin? Goge ta da tsumma da ruwan ɗumi zai wadatar? Kuma wane mai ne ba zai cutar da ita ba in ta lasa? Na gode.