Ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsakanin injin mota da salansa

Da aka tattauna amfanin wannan guntun bututu mai saƙaƙƙiyar waya, kusan baki ya zo ɗaya: inji yana girgiza, yana jirkicewa duk sanda aka taka totur, ita kuwa salansa a rataye take a jikin mota. Guntun nan ne ke shanye motsin. In babu shi, bututun da ke tattara hayaƙi daga inji ne zai tsage, ko kusoshinsa su karye, musamman a motocin da injinsu ke kwance a gicciye suna ja da ƙafar gaba. Ga kuma zafi, wanda ke sa ƙarfe ya miƙe, in ya huce ya koma; wannan motsin ma guntun ne ke shanye shi.

Inda aka saɓa shi ne gyara. Wasu na ganin a yanke shi a yi waldar miƙaƙƙen bututu, tunda ya fi araha. Arahar banza ce. Tsagewar za ta koma wurin da ya fi tsada. Liƙe shi ma ba ya daɗewa, sauyawa ce magani.

Kafin a sa sabo, a duba robobin da ke riƙe inji, don in sun mutu, sabon ma ba zai yi ƙarko ba. In aka ji ƙara, ko aka ga baƙar toka a jikin guntun, ko aka ji warin hayaƙi a cikin mota, kada a jinkirta gyara: hayaƙin na ɗauke da iska mai kisa.