Me za mu kira maitokondiriya da Hausa?

1/ Ƙanwata da ke Ingila za ta yi gudun tara kuɗi don Gidauniyar Lily, wadda Liz Curtis ta kafa a 2007 bayan 'yarta ta rasu tana wata takwas. Ta ce, "Yaya, mayar min da sanarwar Hausa, in tura zauren dangi." Layin farko na cije. Kuɗin na binciken cutar maitokondiriya ne, to me zan ce wa Hajiya?

2/ Maitokondiriya abu ne ƙanƙane, yana cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu. Aikinsa ya haɗa abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa ya fitar da ƙarfi. In ya raunana, sassan da suka fi cin ƙarfi su ke fara kukan: ƙwaƙwalwa, zuciya, tsoka, hanta, ido. Jaririn da ya fara zama sai ya daina, wuyansa ya saki, nono ya gagare shi, farfaɗiya ta shigo. Wani nau'in cutar ana kiransa Leigh, sunan likitan da ya bayyana shi a 1951. Har yau babu maganin warkewa, shi ya sa iyaye can ke gudun tara kuɗi, suna sayar da kek.

3/ Sunan asali Girkanci ne, zare da tsaba, daga yadda ya bayyana a madubin bincike. "Tsabar zare" ba ta gaya wa kowa komai.

4/ Wani ya ce batir. Batir ajiya yake yi, wannan kuwa girki yake.

5/ Wata ta kawo "ciwon gadon uwa", kuma wannan na ƙi, da gaske na ƙi. E, maitokondiriya na da ƙwayoyin gado 37 na kansa, kuma ta wajen uwa kaɗai ake samunsu. Amma yawancin nau'o'in cutar masu kama jarirai daga sauran ƙwayoyin gado suke, galibi uwa da uba kowa ya ba da rabi, kamar sikila. Charlie Gard, wani jariri a Ingila da iyayensa suka tara sama da fam miliyan 1.3 kafin ya rasu a 2017, irin nasa ke nan. Kun san gidajenmu. A sa wa cuta wannan suna, gobe uwar miji ta ce jinin matar ne.

6/ Ni dai murhu na zaɓa. Itace, iska, wuta. Duk macen da ta durƙusa tana hura ɗanyen icce, hayaƙi na cin idonta, tukunya ta ƙi tafasa, ta riga ta fahimci cutar. Abinci na nan, wutar ce ba ta ci.

7/ Don haka na rubuta: murhun ƙwayar jiki, jam'i murahu, cutar kuma ciwon murhun jiki. Na bar maitokondiriya sau ɗaya a sama saboda likitoci. Hajiya ta saurara, ta yi shiru, ta ce, "Allah sarki, yaran nan," ta tambayi lambar asusun.

8/ Mutanen Damagaram da Maraɗi, murhu ya zauna muku a kunne?