Shin mulkin jam'iyya ɗaya ya fi iya zartar da hukuncin kotu?

Alhaji, Sabon Gari: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne hukuncin da ba a zartar ba takarda ce kawai. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta yi nasara a shari'ar filin da mijinta ya rasu ya bari, takardar hukuncin tana naɗe cikin leda a ƙasan akwatinta, shi kuwa wanda ya cinye filin har ya kai gininsa linta. A ƙasar Sin, inda jam'iyya ɗaya ke mulki, tun 2013 Kotun Ƙoli take wallafa sunayen waɗanda suka ƙi bin hukunci, daga baya ma aka riƙa hana su sayen tikitin jirgin sama da na jirgin ƙasa mai sauri. Me 'yancin alƙalai ya tsinana wa wannan mata?

Malam, Kongo: Wa alaikumus salam. Alhaji, halin matar nan abin tausayi ne, sai dai misalinka na ƙasar Sin ya tsaya a kan irin ɗan kasuwar da ya ƙi biyan bashi, wanda matsa masa ba ya rage wa gwamnati komai. Inda ake gwada kotu shi ne ranar da hukunci ya faɗa kan mai mulki. A Janairun 2017 shugaban Kotun Ƙolin Sin na lokacin, Zhou Qiang, ya fito fili ya ce 'yancin ɓangaren shari'a gurguwar aƙida ce ta Yammacin duniya da dole kotuna su ƙi ta. A nan kusa kuma, a Disamban 1963 Nkrumah ya tsige Babban Jojin Gana, Arku Korsah, saboda kotu ta wanke wasu daga cikin waɗanda aka tuhuma da cin amanar ƙasa bayan harin bam da aka kai wa Nkrumah a garin Kulungugu, sannan a 1964 aka mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya tare da ba shugaba ikon sallamar alƙalai.

Barista, Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, ban musanta ko ɗaya ba, amma mu da muke da jam'iyyu barkatai bai kamata mu bugi ƙirji ba. Sashe na 287 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum bin hukuncin kotu. Duk da haka, a Disamban 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin sakin Sheikh Zakzaky cikin kwana 45, mu mutanen Zariya kuma mun san bai fito ba sai a 2021. Ko mutum yana tare da shi ko yana adawa da shi, umarnin kotu ne aka take. Sambo Dasuki ma kotuna sun yi ta ba shi beli, ba a sake shi ba sai ƙarshen 2019. Wanda ya ci gwamnati a shari'ar kuɗi kuwa, doka ta ce sai Antoni-Janar ya amince kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Alhaji: To Malam ka ji, ashe duk kanwar ja ce.

Malam: Ba ɗaya ba ne, Alhaji. A nan an karya doka, lauyoyi da jaridu sun kira abin da sunansa, kuma an ci gaba da komawa kotu. Inda jam'iyya ke bisa kotu, irin wannan umarni da wuya ma ya fito daga bakin alƙali. Dubi Kenya: a 1988, zamanin jam'iyya ɗaya, an cire wa alƙalai kariyar kujerarsu, amma a 2017, bayan an koma tsarin jam'iyyu da yawa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci, aka kuma sake zaɓen.

Alhaji: Na ji, sai dai har yanzu ba ku gaya mini abin da matar nan za ta yi ba.

Barista: Alhaji, a kawo mini takardar in duba ta. Idan babbar kotu ce ta yanke hukuncin kuma ba a ɗaukaka ƙara ba, za a nemi takardar umarnin mallaka, ma'aikatan kotu su je filin tare da 'yan sanda. Idan kuma akwai umarnin da ya hana wanda ya cinye filin yin gini ya yi kunnen ƙashi, sai a miƙa masa fom na 48 da na 49 na raina kotu, wanda ƙarshensa kan iya zama gidan yari.