Kan kekena ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Salamu alaikum ƴan uwa. Da keke nake tafiya daga Tawa zuwa Birnin Ƙwanni, jakunkuna biyu rataye a ƙafar gaba, akwai ruwa da kayan gyara ciki. In ina tuƙi lafiya lau. Amma da na sauka na kafe shi, sai kan ya karkace gefe, nauyi ya ja shi ƙasa. A Badagishiri haka ya faɗi cikin rairayi, fitila ta fashe, wayar burki ta lanƙwashe, raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ɗaure hannun burki da roba, tayar ta daina gungurawa, amma kan bai daina juyawa ba. Mai gyara ya ce ya ƙara matse wuyan, na hana, don tuƙi zai yi tauri. Don Allah, me kuke ɗaure shi da shi wanda za a kwance nan take?